Wa Zai Rera Labarin Hausawan Legas?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu Hausawa mazauna Legas muka bar labarinmu yana salwanta, alhali kuwa mun gaji hanyar adana labari wadda ba ta buƙatar alƙalami ko ɗakin karatu. Hanyar nan ita ce waƙa, tare da danginta irin su kirari da take da tashe da tatsuniya da zane. Waƙar da ake yi mana a wannan gari a yau ta cika maƙil da sunaye amma babu labari a cikinta, kuma idan aka ci gaba a haka, jikokinmu za su san waɗanda suka yi liƙi a bikin wane da wance, amma ba za su san yadda aka yi Bahaushe ya kafa gida a bakin teku ba.

Zaman Bahaushe a Ikko ba na jiya ba ne. Tun a 1863 Baturen nan John Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira da sunan Hausawa, wadda masana ke ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya, kuma zaman irin waɗannan sojoji da iyalansu yana cikin abin da ya raya unguwar Obalende. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, sai fatauci ya sauya hanya, shanu da fatu da gyaɗa suna gangarowa, goro yana hawa, har Agege, inda gonakin goro suka bunƙasa a wancan zamani, ta zama zango mai sarkinta da limamanta da makarantun allonta. Daga baya aka sami Idi-Araba da Alaba Rago da kasuwar kayan gwari ta Mil 12 da abbatuwar Oko-Oba. Wannan tarihi ne na sama da shekara 150, amma a tsayar da yaron da aka haifa a Agege a ce ya rera ɗa guda, wato baiti guda, na waƙar da ta faɗi yadda kakansa ya sauko daga jirgi da buhun gaya da tabarma, za a ga ya yi zuru.

Domin a gane girman asarar, sai an dubi yadda makaɗan dauri suke saƙa labari a cikin waƙa, don ba haka kawai suke buɗe baki ba. Waƙar baka tana da gindi, wato layin nan da 'yan amshi ke maimaitawa har ya zauna a kan mai sauraro ko bai yi niyya ba, sannan tana da ɗiya, waɗanda jagora ke jerowa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin ɗiyan nan ne labari yake kwance. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso, ko Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ko Musa Ɗanƙwairo, bai isa ya yabi sarki ba sai ya san salsalarsa: wa ya haifi wa, a wace daga kakansa ya tsaya, wane gari ya kawo caffa, wane ɗan sarki ya nemi gadon ya rasa. Wannan na ƙarshe shi ake yi wa habaici ko zambo, ba a kama suna, amma duk wanda ke zaune a fada ya san inda aka dosa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tsari shi ne, waƙar ba ta ƙarewa ranar da aka fara ta. Idan sarki ya je aikin hajji ya dawo sai a ƙara ɗa, idan aka yi fari ko aka buɗe gada ko aka naɗa sabon hakimi sai a ƙara wani, gindin yana nan daram, waƙar kuwa tana girma tare da zamanin mai ita. Shi ya sa wanda ya saurari waƙa guda da aka ɗauka a shekaru daban-daban zai ji tarihin masarautar yana tafiya a kunnensa.

Kuma ba sarakuna kaɗai suka ci wannan gajiya ba, wanda a nan ne hujjata ta fi ƙarfi. Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya ɗauki ɗan dambe, Shago, mutumin da ba shi da fada balle magatakarda, ya bi karawarsa gari gari, da wanda ya kayar da wanda ya ba shi wuya, har ta kai yau wanda bai taɓa ganin Shago ba yana iya ba ka labarin gamonsa da Ɗandunawa kamar a gabansa aka yi. Adamu Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya tsaya a kan karen mota, yaron da kowa ke gani a tasha amma ba wanda ya damu ya tambayi inda yake kwana. Barmani Coge da ƙwaryar amada ta fito da abin da ke cikin gida, kishi da haihuwa da sana'ar mata, abubuwan da mazan da ke rubuta tarihi ba sa shiga balle su gani. Shi kuwa Mamman Shata, da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, sai ya sa aka ɗaura kalangu ya ba da labarin kumbon, ta yadda manomi a Musawa da ɗan dako a Apapa suka ji abin da duniya ke ciki da harshen da suka sha a nono. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ba alfarma ta yi masa ba, haƙƙinsa ta ba shi. Gwamnati ma ta san wannan sirri, don lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, da bakin mawaƙa aka isar da saƙo ga mutanen da ba sa karanta jarida. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Wuri ɗaya da na ga wannan aiki yana nan da ransa a Legas shi ne filin dambe. Duk wanda ya taɓa zuwa da yamma ya san abin da nake nufi. Ana cikin hayaniya, masu tsire da masu lemo suna kiran ciniki, sai makaɗi ya matse kalangu a hammata ya sauya take, nan take wani saurayi da ke zaune a gefe ana naɗa masa kara a hannu ya zabura yana tsuma, ya ruga gaban makaɗin ya ɗaga hannu sama ya fara kirari. A cikin kirarin nan zai faɗi garinsu, ya faɗi ubangidan da ya koya masa, ya faɗi ɓangarensa a dambe, ko na Kudu ne ko na Arewa ko Guramaɗa, ya jero waɗanda ya kashe, wato ya kayar, da filin da aka yi da turmin, wato zagayen, da abin ya faru. Makaɗin kuma ya karɓe ya haɗa shi da mazan jiya na gidansu, waɗanda suka mutu tun ba a haife shi ba. Yaran da ke leƙe ta tsakanin ƙafafun manya, waɗanda wasunsu ba su taɓa wuce Ibadan ba, a nan suke jin sunan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Bakura da Talatar Mafara, kuma washegari za ka ji su a lungu suna kwaikwayon kirarin kalma da kalma. Babu malamin da ya sa su hadda, kiɗan ne ya sa.

Na san akwai masu karatu da za su ɗaure fuska da jin an ambaci kiɗa, kuma ba na raina damuwarsu, don akwai kiɗan da ba abin da yake jawowa sai shashanci. Amma ina tuna musu cewa gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa da waƙa ya karantar da jama'a. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara tarihin mahaifinta a waƙe da Fulatanci, tun daga zaman Ɗegel da hijira zuwa Gudu a 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto har cin Alkalawa a 1808, aka mayar da shi Hausa, jajojinta kuma, wato matan da ta naɗa su koyar, suka riƙa ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi a ka suna kai wa 'yan taru a ƙauyuka, matan da ba su da halin zuwa Sakkwato. Waƙar Bagauda ta jero sarakunan Kano da shekarun da kowa ya yi a kan gado, tana tafe tana wa'azi a kan ƙarewar duniya. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfirajinsa ya shiga inda littattafai da yawa ba su shiga ba, kuma har yau a nan Legas, idan ka bi ta wajen Ebute Metta inda makafi ke zama, kana iya jin ana rera baitocinsa, ɗaya yana ja sauran suna amsawa. Saboda haka wanda ba ya son kalangu yana da tasa hanyar, ba shi da uzurin barin labari ya mutu.

Wasu kuma za su ce ai maroƙi maƙaryaci ne, wanda ya ba shi riga shi ne gwarzo, don haka ba za a gina tarihi a kan bakinsa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ita ce dukkan gaskiyar ba. Makaɗi yana iya ƙara wa ubangidansa tsawo da faɗi, ya mai da rowarsa tattali, ya mai da gudunsa dabara, amma ba ya iya sauya sunan garin da aka yi karon, ko sunan mahaifin mutum, ko hanyar da ayari ya bi, domin waɗanda suka halarta suna zaune a gabansa, kuma ranar da ya yi wannan kasassaɓa ranar zai zama abin dariya. Mai hankali yakan tace yabon ya riƙe abin da ya rage, wato sunayen wurare da sana'o'i da irin kyautar da ake yi a zamanin, doki ne ko raƙumi ko keke ko mota ko kujerar Makka, wanda shi kansa wannan yana nuna maka yadda arzikin ƙasa ya riƙa sauyawa. Balle ma shi marubucin tarihi ba mala'ika ba ne, shi ma yana da wanda ya ba shi tawada.

Bayan waƙa akwai sauran hanyoyi, kuma su ma suna ja da baya a wurinmu. Idan azumi ya kai goma, a garuruwan Arewa yara kan fito tashe, wannan ya sa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rungumo tarkace ya zama mai magani, a Kano kuma Nalako, sarkin gwagware, ya fito farautarsu, kuma kowane wasa ɗan gajeren labari ne mai nuna wani hali da jama'a ke so ko suke ƙi. A unguwanninmu na Legas tashe ya yi rauni ƙwarai, iyaye suna tsoron titi da dare, kuma ba na ganin laifinsu, sai dai ba mu samar wa yaran wani fili a madadin titin ba. Tatsuniya ta bi sahu, don kakar da za ta ce ga ta nan ga ta nanku tana can Arewa, jikokin suna nan a ɗaki ɗaya da talabijin. A tsofaffin unguwannin Zariya da Kano, magina kan zana wa mai gida keke ko mota ko takobi a fuskar zaure, mai wucewa ya karanta matsayin gidan da zamanin da aka gina shi, haka kuma aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga suna faɗin wani abu game da wanda ya sa ta. Ragowar wannan fasaha da nake gani a nan tana jikin manyan motocin da ke sauke tumatir da albasa a Mil 12. A tsaya a dubi bayan bodinsu da kyau: ga zaki ya danne barewa, ga mahayi a kan doki da mashi, ga hoton masallaci, a ƙasa kuma an rubuta wata 'yar magana a kan haƙuri ko mahassada ko uwa. Direban da ya biya mai fenti ya yi masa wannan, labarin kansa ya bayar, kuma ya fi da yawa daga cikin mawaƙanmu na yanzu faɗin wani abu.

Maƙwabtanmu Yarabawa ba su yi irin wannan sakaci ba. Kusan kowane gida yana da kirarinsa na gado, wanda uwa ke yi wa jariri tana lallashinsa, mai ganga kuma ya buga shi a biki har dattijo ya miƙe yana share hawaye, kuma a cikinsa akwai garin asali da sana'ar kakanni da abin da zuriyar ta yi fice a kansa. Misali mafi kusa kuwa a kan ƙarfin waƙa ya faru ne a wannan gari. A ranar 18 ga Fabrairu 1977, kwanaki kaɗan bayan an rufe bikin FESTAC da ya tara baƙar fata na duniya a Legas, sojoji suka afka wa gidan mawaƙi Fela Kuti da ake kira Kalakuta suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Binciken hukuma ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Fela ya ɗauki wannan magana ya mayar da ita waƙa, ya ba da labarin ranar daki-daki. Ba sai mutum ya yarda da irin rayuwar Fela ba, ni ma akwai da yawa da ban yarda da su ba, amma a yau rahoton hukumar yana cikin ƙura, labarin da matasan Legas suka sani shi ne wanda aka rera.

To mu me muke yi? Wani maƙwabcina da zai aurar da 'yarsa ya nuna mini yadda ake yin waƙar biki yanzu. Ya rubuta sunan amarya da na ango da na iyaye da ƙawaye da abokan kasuwarsa, ya tura wa wani mawaƙi ta WhatsApp tare da kuɗin kafin alƙalami, ba a jima ba waƙa ta dawo, an ɗora ta a kan kiɗan fiyano, murya ta sha gyaran kwamfuta. Mawaƙin bai taɓa ganin amaryar ba, bai tambayi daga wane gari kakanta ya zo ba, bai san cewa mahaifin nata da tallan goro a faranti ya fara kafin Allah ya buɗa masa ba. Da aka saka waƙar a wurin biki kowa ya ji sunansa ya yi murna, aka yi liƙi, amma bayan 'yan makonni na ji waƙar nan dai a wani bikin, kiɗa ɗaya, kalmomi ɗaya, sunaye kawai aka cire aka zuba wasu. Waƙoƙin siyasa ma haka suke, ana gama zaɓe suke mutuwa, domin babu komai a cikinsu sai wane ya fi wane. Ba ina cewa matasan nan ba su da basira ba ne, akwai masu zalaƙa a cikinsu ƙwarai, har da waɗanda ke ƙoƙarin tsara waƙa mai ma'ana, kuma fiyano ba shi da laifi, don da Shata ya same shi a ƙuruciyarsa wataƙila da ya yi amfani da shi. Laifin namu ne mu masu biya. Makaɗin dauri yakan zauna da ubangidansa shekara da shekaru, ya ci tuwon gidan, ya ji hirar tsofaffin gidan, shi ya sa yake da abin faɗa. Mu kuwa sunaye muke tura wa, kuma abin da muka tura shi ake dawo mana da shi.

Alhali ga labarai nan jibge ba mai ɗauka. Ga direban tirela da ke kwana uku ko huɗu a hanya daga Kano ko Katsina, yana kallon tumatir yana ruɓewa a bayansa saboda shingayen masu karɓar kuɗi. Ga mai shayi da mai gadi da mai wankin takalmi da ɗan ga-ruwa da ɗan canji, kowannensu da gidan da yake ciyarwa a Arewa. Ga 'yan acaɓa da aka hana su aiki a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni 2022, wasu suka sayar da babur suka koma gida, wasu suka kama turin baro. Ga matan da aka kawo aure tun suna 'yan mata, yau sun zama kakanni, suna jin Yarabanci kamar Hausa. Akwai kuma ranakun baƙin ciki: rikicin Ketu da Mil 12 a watan Nuwamba 1999, da fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, inda fiye da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a cikin ruwan Oke-Afa suna gudun ceton rai, sannan ba a rufa mako biyu ba rikici ya ɓarke a Idi-Araba. Ba ina neman waƙar da za ta tono gaba ba, Allah ya kiyaye. Dattawan da suka ga waɗannan ranaku, idan suna hira, sukan haɗa da maƙwabcin Bayarabe da ya ɓoye iyalin Bahaushe a ɗakinsa, da Bahaushen da ya yi wa Bayarabe irin haka, kuma irin wannan ne ya fi saurin ɓacewa idan ba a rera shi ba, a bar yara da rabin labari, wanda ya fi rashin labari haɗari.

Akwai wata matsala ta biyu da ta shafi tsofaffin waƙoƙin kansu. Gaskiya ne yanzu ana samun su a waya da intanet, kuma ana jin su a shagon tela da rumfar mai nama, amma jin waƙa daban, gane ta daban. Waƙar fada da babu mai bayyana ta kamar adaka ce da aka gada makullinta ya ɓace. Yaro yana jin Narambaɗa ya ambaci wani suna ko ya yi wani habaici da Sakkwatanci, kiɗan ya yi masa daɗi, amma bai san wa ake nufi ba, kuma dattawan da suka sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Malaman jami'a, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya daɗe yana tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, sun yi aiki mai yawa, sai dai aikin nasu ya fi zama a Kano da Zariya da Sakkwato, bai iso hannun mai sayar da albasa a Legas ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta buɗe shafi ko da sau ɗaya a mako, inda za a ɗauko ɗa biyu ko uku na wata tsohuwar waƙa a rubuta su, a faɗi wanda aka yi wa, da abin da ya faru har aka yi ta, da ma'anar kalmomin da suka tsufa, a kuma bar masu karatu su aiko da gyara ko ƙari, don na tabbata akwai tsofaffin direbobi da mahauta da suka fi wasu masu digiri sanin waɗannan abubuwa. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, Allah ya ja zamaninsu, suna da ikon shirya gasa a lokacin Sallah, da sharaɗin cewa duk waƙar da za ta shiga, ta kiɗa ce ko rubutacciya, sai ta ba da labarin wani abu da ya faru a wannan gari, a kuma ware wa yara fili a harabar makarantar Islamiyya su yi tashensu cikin tsaro. Attajiranmu kuma, tunda dai za su biya kuɗin waƙa ko ana so ko ba a so, su zaunar da mawaƙin da tsohuwar gidan ko da yini ɗaya ne kafin ya shiga ɗakin ɗaukar murya.

Abu na gaggawa shi ne ku turo wakilinku da na'urar ɗaukar magana ya zagaya zangon Agege da Obalende da Idi-Araba. Akwai dattawan da suka yi zamanin da ake lodin goro a jirgin ƙasa, akwai tsofaffin makaɗa da 'yan ma'abba da suka daina fita, akwai matan da suka yi amada a gidajen suna na wannan gari shekaru da yawa. Yawancinsu bayan sallar la'asar ake samunsu, kuma idan wakilin naku ya fara da gaida sarkin unguwa, ba zai rasa wanda zai yi masa jagora gida gida ba.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku na kullum,
Agege, Legas.